Malam Zakariya, Mai Buɗe Cikin Miksa

Kowace safiya Malam Zakariya yakan buɗe shagonsa a Tudun Wada, ya share tebur da buroshi, ya jona ƙarfen narka dalma, sannan ya hau kwance kayan sautin da masu biki suka kashe a ƙarshen mako. Haka yake tun kafin a fara kiran masu sa kiɗa DJ. Yanzu kunnensa na hagu ya yi nauyi, ya ce bayan Kirsimeti zai rufe shagon.

Ana cewa mai gyara ba ya son kaya su yi ƙarko. Ni na tsufa ina koyar da kimiyya, ba na karɓar magana don kawai an saba faɗinta. Ga dai abin da na gani.

Jikata Ummulkhairi ta dage sai ta zama DJ ta bikin mata zalla. Aikinta na farko a Tsafe ne, gidan da uban amarya ya ce namiji ba zai shiga ba, kuma da an kira salla a yanke kiɗa. Mahaifin Ummulkhairi kuwa ya ce in aka yi abin kunya, ta bar sana'ar ke nan. Na raka ta wurin Zakariya zaɓen miksa, wato na'urar da ke haɗa waƙa da makirfo ta tura su lasifika.

Ya fara tambayarta inda za ta kai kayan, ta ce Tsafe, a kan mashin. Sai ta nuna wata mai fitilu kala-kala. Ya ɗaga ta, ya girgiza a kunnen dama.

"Ɗiyata, wagga ba ta kai ko Kwatarkwashi bisa mashin, balle Tsafe. Ko fitilun za su yi maki rawa?"

Na jarraba shi. "To a ba mu mai nauyi, an ce ita ce ta ƙwarai."

"Hajiya, wasu ƙarfe suke liƙawa ciki don hannu ya ji nauyi."

"Buɗe in gani."

Ya buɗe wata mai nauyi, ga ƙarfen nan kuwa, ba a haɗa shi da komai ba. Sai ya ɗauko wata mummuna mai jikin ƙarfe. Ramin makirfo biyu gare ta, kowanne an ɗaure shi da noti, domin a cewarsa gwaggon amarya ba ta jiran a miƙo mata, fizga take yi. Akwai kuma maɓalli guda mai ɗauke sauti gaba ɗaya.

Ranar bikin ya bi mu Tsafe ba a gayyace shi ba, ya tsaya bayan katanga kusa da janareta, tunda ba shi da damar shiga. Ana cikin liƙi wata gwaggo ta harɗe da waya, miksa ta faɗo daga tebur. Waƙar ba ta tsaya ba. Da ladan ya fara kiran La'asar, Ummulkhairi ta danna maɓallin nan, kafin ya idar da kabbarar farko gidan ya yi tsit. Uban amarya bai sami abin ƙorafi ba.

Zakariya, kai ne ka tambayi yarinya inda za ta kai kaya kafin ka nuna mata na saye. Ba zan ce ba ka taɓa kuskure ba, ban bi ka ko'ina ba. Wannan dai na shaida. Mun gode, Allah ya ba ka lafiya.

Masu shagon da za su gaje shi, ku riƙa tambaya, kuma ku yarda a buɗe. Ummulkhairi na da biki a Bungudu ranar Asabar, mahaifinta ne zai kai ta da motarsa.