Ƙarfen da Na Ɗaura a Ƙarƙashin A-kori-kura

Ban sayi a-kori-kurar nan don shiga daji ba. Tsohuwa ce, fara, ta sha hannu kafin ta iso gare ni, kuma aikinta bai wuce kwasar buhunan hatsi daga Kasuwar Daji zuwa Kaura ba, kwalta a tafiya, kwalta a dawowa. Ni ma haka na zama. Tun da na zauna Kaura, in zan je gida sai in shiga mota zuwa Zurmi, ɗan kabu-kabu ya ƙarasa da ni a babur. Daga baya 'yan kabu-kabun suka fara zaɓen hanya, sannan suka fara zaɓen rana, har aka kai lokacin da in ka ambaci ƙauyenmu sai kowa ya sunkuya yana goge madubi. Ba wanda zai ce maka saboda 'yan bindiga ne, don ka sani, sun san ka sani.

Inna tana can. Mahaifiyata ce, ni ne ɗanta na fari, shi ya sa tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba, kuma in tana mini magana bango take kallo ko ƙasa. Ƙafafunta sun riƙe, daga ɗaki zuwa gindin bedin tsakar gida sai da sanda. Babur ba zai iya ɗauko ta ba ko da ta yarda, kuma ba ta yarda ba. Duk wanda na aika, amsa ɗaya yake dawowa da ita: nan aka kawo ta, nan aka rufe mijinta, kuma tana da mutane. Maƙwabciyarta tana ɗebo mata ruwa, tana miƙo mata tuwo ta kan danga, a birni wa zai yi mata haka? Na gaji da aike. Bazara ta shigo, hadari ya fara haɗuwa ta gabas da la'asar, na san in ruwa ya sauka rafukan da ke bayan Birnin Tsaba za su cika, sai kuma kaka in da rai. Na ce zan je da kaina, da mota, in ɗauko ta ko tana so ko ba ta so.

Bakanikena ne ya fara tayar da maganar ƙarfe. Ya shimfiɗa mini kwali, ya ce in kwanta in leƙa ƙarƙashin motar da kaina. Ranar na fara ganin cikinta. Ga kaskon da baƙin mai yake zama, ga tanki, ga wasu jijiyoyi a fili, komai tsirara kamar cikin akuya. Ya ce kututture ɗaya ya isa ya huda kaskon nan, man ya tsiyaye, inji ya buga. A kwalta wannan asara ce kawai. A dajin can kuwa, in mota ta tsaya ba ta daɗewa ita kaɗai. Ya ce a sa mata faranti ya rufe cikin, kuma ya ja mini kunne da abu ɗaya: in na sauka daga burji, duk abin da na ji, kada in tsaya.

Daga nan gareji ya zama majalisa. Kowa ya zama gwani, har da mai sayar da rake wanda ko keke ban taɓa ganin ya hau ba. Wani ya ce in sayi na alminiyam wurin masu kayan gyara, ba shi da nauyi. Bakanike ya ce wannan in ya daki kututture naɗewa zai yi kamar murfin kwano. Wani direba ɗan Badarawa, wanda yake bin kasuwar Shinkafi, ya ce nauyi shi ne makashin mota a rairayi, in yanko jikin ganga kawai in ɗaura. Na kusa da shi ya ce jikin ganga ai gara ka ɗaura tabarma. Suka kaure da musu a kaina, ina kwance a ƙasa mai yana ɗigo mini a riga, ba wanda a cikinsu zai shiga motar nan ranar tafiya. Na miƙe na ce duk wanda ya ƙara ba ni shawara ya shirya raka ni. Kowa ya kama gabansa.

Na zaɓi mafi kauri. In ana son gaskiya tsoro ne ya zaɓa, ni dai na ɗaga kai. Wani dattijo mai walda a bayan tasha yana da fallen ƙarfe da ya ajiye don ƙyauren shago, shi ya yanka mini. Aikin wuni ɗaya ya koma na kwanaki, yau babu wuta, gobe janareta ya ƙi tashi, jibi an yi rasuwa a unguwarsu. Kullum ina zaune a benci ina kallon gabas ina tsaki. Shi kuwa ko a jikinsa. Ya huda ramuka, ya yanko roba daga tsohuwar taya ya sa tsakanin ƙarfe da ƙarfe don kada su riƙa bugun juna, ya ɗaure notoci, ya ba ni sifana ya ce in duba su a hanya. Matata ta ce in ɗauki ko mutum ɗaya. Na ce ɗan wa zan ɗauka in bar uwarsa da fargaba?

Na fita da sassafe. A Zurmi na kwanta na bi notocin ɗaya bayan ɗaya, duk suna nan daram. Har na wuce Birnin Tsaba ina yabon kaina. Inda burji ya ƙare ne hanyar ta koma sawun shanu da amalanke, wani wurin ma babu ita, sai ka ratsa ta gonakin da ba a shuka ba, ka hau kunya ka sauka. Na ji ƙarfen ya daki wani abu da ƙarfi, na ce madalla, ga aikin da na sa shi. Ban yi nisa ba ya sake duka, daga nan kuma sai ƙara ta tashi. Noti ya tsinke ta gefe ɗaya, robar ta faɗi, fallen ya shiga bugun jikin motar: a gargada ta-ta-ta-ta ba ƙaƙƙautawa, a kan kunya kuma gwam, gwam. Ƙafata ta je kan birki ta dawo. An ce kada in tsaya, ban tsaya ba, sai ma na ƙara wuta don in fita daga wurin.

A cikin mota, ƙarar ciwon kai kawai ta sa ni. Ina zagin mai walda, ina zagin majalisar gareji, ban kawo komai a raina ba sai da na wuce wata gona na ga fartanya da goran ruwa a yashe babu mai su. Gaba kaɗan jaki yana tsaye da mangala shi kaɗai. A rijiyar bakin gari guga yana kwance, igiyarsa jiƙe. Na ce shi ke nan, sun riga ni zuwa.

Na kashe mota a ƙofar gidanmu, shiru ya rufe ni. Babu kowa a garin. Turmi yana tsaye da gero a ciki, taɓarya a ƙasa, awaki sun zura kai suna ci. Takalmin yaro wari ɗaya a tsakiyar hanya. Babu hayaƙin gobara, babu jini, amma ban tsaya lissafin wannan ba, na faɗa gida ko sallama ban yi ba.

Inna tana zaune a gindin bedi a kan tabarma, ta yafa mayafinta na zuwa suna, carbi a hannu, ta fuskanci ƙofa. Da na shigo ta ɗago ta dube ni, ido cikin ido, ta daɗe tana duba. Ba ni take jira ba. Tun da nake ban taɓa ganin tsakiyar idon uwata ba sai ranar, kuma babu tsoro a ciki, gajiya ce kawai. Sannan ta gane ni, ta mayar da kanta ƙasa.

"Kai na?" ta ce. "Ta ina ka biyo ba su gane ka ba?"

Na tambaye ta su wa, kuma ina mutane. Ta ce an jiyo harbi daga yamma yana matsowa, kowa ya kwashi 'ya'yansa ya yi kwazazzabo. Daga yamma na fito. Na zauna a ƙasa inda nake tsaye. Na gaya mata ba harbi ba ne, motata ce, ƙarfe ne na ɗaura don ya tsare ta. Ba ta yi dariya ba, ba ta yi faɗa ba, ta ja carbi ta ce Allah ya kyauta.

Magana ta zo mini har baki: to ga mutanen naki da kike faɗa, ina suke? Na taho da maganar nan tun daga Kaura, ina neman hujjar da zan kayar da tsohuwar nan, ga shi an miƙo mini ita a hannu. Na haɗiye. An ce in ka ji ana ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba, kuma da ni ne a gona da 'ya'yana, da na fi kowa sauri.

Na fita na hau bayan motar ina kira, ina faɗin ko ni ɗan wane ne. Sun daɗe kafin su fara fitowa, ɗaiɗai, ƙaya ta yayyage su, wata mai tsohon ciki tana dafe da ƙugu, yara sun yi kuka har muryarsu ta dushe. Na yi ta ba da haƙuri. Da sun zage ni da na fi jin sauƙi. Wani dattijo ya leƙa ƙarƙashin motar, ya taɓa ƙarfen ya yi ƙara, ya yi wata 'yar dariya marar daɗi ya ce gara da ya zama wannan. Mata suka koma kan turamensu suna korar awaki.

Maƙwabciyar Inna ce ta shigo daga ƙarshe, tana ɗingishi, gwiwarta ta fashe jini ya bushe har ƙauri. Ita ma ba yarinya ba ce, tana da jikoki. Ta durƙusa gaban Inna tana kuka ta kasa ɗago kai. A nan na ji yadda aka yi: da aka fara gudu ta shigo ta goya Inna, suka faɗi tare a bakin ƙofa, ta sake yunƙurawa, Inna ta haɗa ta da Allah ta sauke ta ta bi jikokinta. Maƙwabciyar ce ta mayar da ita gindin bedi, ita ta miƙo mata mayafin da ta roƙa. Inna ta dafa kanta tana cewa ya isa, ya isa. Ta daɗe tana kallon gwiwar nan. Sannan ta yi magana tana fuskantar bango, yadda ta saba in da ni take.

"Ɗauko mani akwatina. In na gaskiya sunka zo, wagga tsayawa za ta yi ɗaukata, su iske ta nan saboda ni."

Shekaru ina roƙo, ga shi an ba ni, kuma ban ji daɗin komai ba. Na kwaso kayanta, ba su cika kusurwar mota ba. Na nemo waya zan ɗaure gefen ƙarfen da ya saki, sai ta aiko a ce mini in cire shi gaba ɗaya. Na koma na yi mata bayanin kaskon mai da kututture da abin da bakanike ya ce, har muryata ta fara tashi. Ta bari na gama.

"Akwai garuruwa bisa hanya," ta ce. "Su ma suna da tsohhi."

Na kwanta a rairayi mai zafi da sifana, na kwance sauran notocin ina gumi, maza biyu suka taya ni jawo shi. Ƙyauren ɗakinta gara ta daɗe da cinye shi, asabari kawai take saki. Ta ce a jingina ƙarfen a bakin ƙofa kada awaki su shiga, tunda za ta dawo in ƙasa ta lafa. Aka jingina, aka tokare shi da duwatsu. Dama don ƙyaure aka ajiye shi tun farko, ya rufe ƙofar kamar an gwada.

Muka kamo hanya da cikin mota tsirara, a giya ɗaya, ina bin kowace kunya a karkace. Duk tushiyar karan da ta goga ƙasan motar sai na ji ta a haƙorana. Inda na ga kututture sai in kauce ta nesa, inda na kasa ganewa sai in sauka in duba, ni da aka ce kada in tsaya. A gonakin da na wuce da safe mutane sun dawo kan aikinsu, suna ɗago kai su dube mu, wasu su ɗaga hannu. Inna ta riƙe ƙofa da hannu biyu, ba ta waiwaya ba ko sau ɗaya. Hadari ya haɗu a bayanmu, iska ta fara kaɗa ƙanshin ruwa.

Sai da tayoyi suka hau kwalta na saki numfashi, na ji wuyana ya sage, yunwa da ƙishirwa suka taso mini lokaci guda. A haka har muka kusa Kaura. Inna tana kallon waje ta taga, na ɗauka barci ya ɗauke ta, sai na ji ta ce a hankali, kamar da gilashin take:

"Ashe ka yi hurhura."

Na ce e, Inna, an daɗe. Na rage gudu saboda rami, muka shiga gari.