Maƙeri a Tsaye

A gidanmu ba a yin ƙira a tsaye. Kakana a zaune ya yi ta, Baba a zaune, ni ma haka na buɗi ido na same ta. Za ka naɗe ƙafa a kan buzu, wuta a hagunka, uwar maƙera a gabanka. Uwar maƙera ita ce dunƙulen ƙarfen da ake dukan aiki a kansa. Tamu tana da tsini daga ƙasa, an kafa shi cikin kututturen ƙirya da aka binne tun zamanin Kaka, tsayinta daga ƙasa bai wuce taƙi guda ba.

Ina da shekara talatin da 'yan kai, da mata da 'ya'ya uku, lokacin da bijimi ya raba ni da zama. Na kai wa mahauta wuƙaƙe a mayankar Garwa, wani jan bijimi ya tsinke igiya. Ya bar mutanen da ke shirin yanka shi, ya zaɓe ni da ban taɓa yi masa komai ba. Wata uku na yi a kwance. Ƙafar dama ta warke, amma ta warke a miƙe kamar taɓarya, gwiwa ta daina lanƙwasuwa.

Na gwada komawa aiki. In na zauna, ƙafar ta miƙe ta tokare uwar maƙera, sai in karkace in yi duka ta gefe. Kafin hantsi bayana ya riƙe, fartanyar da na ƙera kuma ta fito a karkace. Abin haushin, shekarun nan aiki kamar ya kashe maƙera. Faransawa ba su daɗe da miƙa mulki ba, ɗan garinmu ke kan kujera a Yawunde, noman auduga ya kankama, garmar shanu ta shigo ƙauyuka. Manoma na saukowa daga duwatsu da karyayyun bakunan garma a kafaɗa. Ina zaune ina kallo su leƙo rumfarmu, su yi mini sannu da jiki, su wuce rumfar gaba. Sannun nan ta fi ƙahon bijimin yi mini ciwo.

Baba ya riga ya ajiye masaba saboda tsufa, sai dai kullum yana bakin rumfa a kan tabarma, ido a kan komai. Wata rana ya ce, “Ka haƙura da duka. Ka koma wasa wa mahauta wuƙa, ƙanenka ya zauna gaban uwa.” Cikin tausayi ya faɗa, na sani. Amma ranar ban iya cin tuwo ba.

Ina da aboki bakanike, Kirista ne daga duwatsun bayan Marwa, yana aiki a tashar jiragen ruwa ta bakin Binuwai. Hausarsa ta kasuwa ce, yana yi yana sirka ta da Fulatanci da Faransanci. Da na kai masa kukana sai ya yi dariya.

“Maƙeri, wa ya ce dole sai a zaune? Mu a gareji duk a tsaye muke buga ƙarfe. Zo ka ga wani abu.”

Ya kai ni bayan sito, inda aka jibge tarkacen da ba mai so. Cikin ciyawa ga wani gindin inji, na wani tsohon jirgi da ya daina tafiya. Ƙafa huɗu gare shi, ciki rami, baki a buɗe daga sama, tsayinsa ya kusa kai mini ƙugu. Na ƙwanƙwasa shi da sandata na gane ƙarfen zubi ne, irin na tukunya.

“Fonti ke nan,” in ji shi. “Shef, shugaban tasha, ya ce a kwashe su a share wurin. Ɗauka, ka rage mana aiki.”

Mu maƙera mun raina ƙarfen zubi. Ba ya ƙeruwa. In ka gasa shi ka doka, marmashewa yake yi, shi ya sa muke ce masa mataccen ƙarfe. Ƙarti huɗu suka ɗora shi a amalanke, kuma tun daga bakin unguwa maƙwabtana maƙera suka fara zolaya. Wani ya ce ashe gurgu ya koma sayar da tuwo, ga tukunya ta iso. Na ce masa in ta dahu shi zan fara zuba wa, tun da ƙirarsa ba ta ciyar da shi.

Na jira sai da Baba ya tafi ta'aziyya Bogo. Ni da ƙanena muka gina murhu da laka mai tsayi daidai ƙugu, da ɗan dandamali inda mai zuga zai zauna. Sannan na yi abin da ba a taɓa yi ba a gidanmu: na sa ƙarfe na ɓanɓaro uwar maƙera daga kututturenta. Muka ɗaga ta muka zura tsininta a bakin gindin, na danne ta da guntayen ƙarfe ta kowane gefe.

Ƙanena ya zuga, ƙarfe ya yi ja, na ɗora, na ɗaga masaba na sauke. Wayyo! Ƙarar da ta tashi ta shiga mini har haƙori. Gindin nan ya ɗauki amo yana ta kuwwa, kajin gida suka watse, masaba ta yi tsalle ta kusa tsaga mini goshi. Duka na uku, uwar ta goce gefe. Kafin in daidaita ta ƙarfe ya huce. Kwana biyu ina fama, ko lauje ban fitar ba, kunnuwana kuwa sai ƙugi suke yi.

Ana cikin haka Baba ya dawo. Tun daga nesa ya ji ƙarar. Ya tsaya ya dubi kututturen da ya rage shi kaɗai, ya dubi uwar a sama.

“Wa ya ɗaga ta?”

“Ni ne, Baba.”

“Tun da kakanka ya kafa ta, ba ta taɓa rabuwa da ƙasa ba. Uwar maƙera a kan ƙasa take zama, daga ƙasa ƙarfe ya fito. Kai kuma ka rataye ta a kan mataccen ƙarfe. Wannan ƙarar da kake ji, kuka take yi.”

“Baba, in ta koma ƙasa ni na bar ƙira ke nan.”

“Na sani,” ya ce, muryarsa ta yi ƙasa. “Amma gobe kafin azahar in ganta a kan ƙasa. In ba haka ba, zan sa a kai ta gidan baffanka.”

Na shiga gida ina huci. Matata na tankaɗe a tsakar gida, ta ji komai ta katanga. Na zauna ina ta zuba mata faɗan da ban iya yi wa Baba ba. Ta bar ni sai da na gaji, sannan ta ce, ko ɗagowa ba ta yi ba, “Maigida, ba ƙasa ya ce ba? In ita ba za ta sauko ba, kai mata ƙasar mana. Ai na ga cikin abin naka rami ne.”

Zan faɗi gaskiya, ban ga wata dabarar aiki a maganarta ba. Abin da na hango kawai shi ne hanyar rufe wa tsoho baki. Da gari ya waye muka sauke uwar. Na ɗauki magirbi na haƙe daidai wurin da Kaka ya zauna, Baba ya zauna, ni ma na zauna. Baƙar ƙasa ce, ta sha garin gawayi da ɓurɓushin ƙarfe na shekara da shekaru. Muka riƙa ɗurawa a cikin gindin, ina kirɓawa da taɓaryar matata har ta cika dam. Muka tono tsohon kututturen, na sassaƙe shi daidai bakin gindin, na dasa shi a kan ƙasar, na mayar da tsinin uwar cikin raminta na asali.

Baba ya fito da hantsi. Maƙwabta sun riga sun taru, don labarin wa'adin ya zaga unguwa.

“Na ce a kan ƙasa,” in ji shi.

“A kan ƙasa take, Baba. Duba.”

Ya sa yatsa ta gefen kututturen, ya ƙwaƙulo ƙasar, ya murza, ya sansana. Ya dubi ramin da na haƙa.

“Wannan wayo ne,” ya ce a ƙarshe.

“Ƙasar Kaka ce.”

“To, buga mu ji. In ta yi kuka, magana ta ƙare.”

Ni kaina na tabbata za ta yi kukan. Akwai bakin garma da wani manomi ya bari tun kafin tafiyar Baba, ya ce ko Allah zai sa. Na tura shi wuta. Ƙanena ya zuga har ƙarfen ya yi fari-fari. Na cafko da awartaki, na ɗora, na yi bisimilla, na sauke masaba da duk ƙarfina.

Dim! Shi ke nan. Babu kuwwa, babu tsalle. Dukan ya shige cikin ƙarfen gaba ɗaya, na ga ya baje a ƙarƙashin masaba kamar ƙullun fura. Na sake, na sake. Uwar ko motsi ba ta yi ba. Ƙasar da na ɗura don gardama ita ta shanye amon, ta ba gindin nauyi, itacen kuma ya riƙe tsinin. Wani abu kuma da ban taɓa sani ba sai ranar: mai duka a tsaye da dukan jikinsa yake duka. Ƙarfin yana tasowa tun daga diddige, kuma miƙaƙƙiyar ƙafar nan da ta hana ni zama ita ta zama mini madogara. Abin da nake yi a gashi uku ina zaune, na yi shi a gashi ɗaya.

Daɗi ya kama ni har na ji ina dariya ni kaɗai, gumi da hawaye suna haɗuwa a gemuna. Mai maganar tuwo ya matso yana leƙen ƙarƙashin gindin, yana tambaya ko akwai sauran irinsa a tashar. Na ce masa ya je ya tambayi bijimi.

Na mayar da bakin garmar wuta don in fitar da kaifi. Sai na ji zugar ta tsaya. Na waiga a fusace zan yi wa ƙanena tsawa, sai na ga Baba ne ya dafa kafaɗarsa ya ce ya sauka. Ya tattare riga, ya hau dandamalin da rarrafe, ya zura hannuwansa cikin zugazugan. A sana'armu zuga aikin mai koyo ne. Wanda ya taɓa zama gaban uwa ba ya komawa bayan wuta ya yi wa wani zuga, balle ɗan cikinsa.

“Baba, sauko, don Allah. Ba girmanka ba ne.”

Bai ko dube ni ba. Ya danna na dama, ya danna na hagu, wuta ta tashi da wani irin gurnani da ƙanena bai taɓa iya fitarwa ba.

“Ni na san girmana,” ya ce. “Ka kula da aikinka, maƙeri. Ƙarfenka ya nuna.”

Na cafko shi na ɗora, na ci gaba da duka.