Kunnen Baba da Motar da Ba Ta Kuka

Baba da kunne yake gyaran mota. Idan aka turo mota rumfarsa da ke Illela, a bakin hanyar Konni, ba ya tambayar mai ita abin da ke damunta, don a cewarsa direba bai taɓa gaya wa bakanike gaskiya ba. Sai ya ce a tayar. Ya ɗauko wata doguwar sukundireba mai ƙotar katako, ya ɗora bakinta a jikin inji, ya manna ƙotar a kunnensa na dama, ya rufe ido. A wannan lokaci ko sallama ba ya amsawa. In ya buɗe ido sai ya faɗi ciwon, fulogi ne ko kafireta, kuma da wuya a kwance a tarar da wani abu daban. Da wannan kunne ya ciyar da mu, da shi ya yi min karatu har na zama malamar firamare. Shi ya sa yake kirana Malama, rabi girmamawa rabi tsokana.

Wata safiya rediyon da yake ratayewa a turken rumfa ta kawo labarin wani kamfani na ƙasar waje mai ƙera motoci masu aiki da lantarki. Babu inji, babu fetur, babu baƙin mai, ko salansa babu. Aka ce masu zuba jari na rububin hannun jarin kamfanin, masu sharhi kuma na cewa nan gaba kowa irinta zai hau. Ranar Baba ya dawo gida ya tasa tuwo a gaba ya kasa ci. Inna har ta fara jiƙa masa maganin shawara.

A daidai lokacin akwai wani mai sayar da kayan sola da yake ta zarya, yana so Baba ya bar masa rumfar. Wurin da kyau, duk mai tsallaka iyaka ta gabansa yake bi. Baba ya sha sallamarsa da baƙar magana, amma bayan labarin rediyo sai ya ce masa ya dakata zuwa kaka. Mu kuma ya tara mu ya ce in har gaskiya ne motar da ba ta da inji ce za ta ci gari, zai bar rumfa tun da mutuncinsa, ya koma gonar gidansu a Gidan Katta. Baba fa, wanda bai taɓa riƙe fartanya ba tare da ya yi mata faɗa ba. Na tsorata ƙwarai. Na san in aka raba shi da rumfar nan, zaman jiran kwana kawai zai yi.

Rediyo ba kullum take waiwayar kamfanin ba, don haka ya ɗora min aiki. In na yi la'asar sai in biyo ta rumfa, in zauna kan tsohuwar kujerar mota da ya jingine a gefe, in buɗe waya in karanta masa abin da jaridu suka rubuta. Tun kafin in zauna zai ce, "Malama, mi anka ce ga mutanen nan yau?"

Baba bai san kasuwar hannun jari ba, amma ya san kara, kasuwar dabbobi, don a gefenta ya girma. A kara in farashin saniya ya faɗi, ko dai ba ta da lafiya ko mai ita ya matsu. Da wannan ma'auni yake auna kamfanin. Ranar da na karanta cewa hannun jari ya sauka, to kamfanin na kan gargara ke nan, sai ya aika a sayo tsire a raba wa duk wanda ke rumfar, har da 'yan kabu-kabu masu fakewa a inuwa. Ranar da ya hau kuwa, kowa sai ya sha faɗa, har notin da ya ƙi kwancewa. Amininsa Alhaji mai canji, wanda teburinsa ke ƙarƙashin darbejiya a tsallaken titi, ya sha gaya masa cewa abin nan kamar sefa, kuɗin Nijar, yake, farashin safe daban na yamma daban, kuma har yau ba a yi jana'izar sefa ba. Baba ya ce mutumin da bai taɓa shafa giris ba ba zai koya masa zancen mota ba.

Ni haushin masu rubuta labaran nake ji. Yau su ce kamfanin ya gama da duniya, jibi su ce ya kusa rufewa, kuma duka biyun da ƙwarin gwiwa ɗaya. Ban taɓa ganin wanda ya dawo ya ce shekaranjiya na yi kuskure ba. Suna can suna ta hasashe, ba su san akwai wani dattijo a Illela da cin tuwonsa ya rataya a bakin alƙalaminsu ba.

To sai na fara tacewa. In na ga labarin ciniki ya ragu, ko an janye wasu motoci don gyara, ko masu zuba jari sun fara ɗari-ɗari, in karanta shi da ƙarfi har da maimaici. In na ga riba ko sabuwar masana'anta, in tura yatsa in wuce. Ban ƙirƙiri ko kalma ɗaya ba, da wannan nake lallashin kaina. Tsire ya yawaita a rumfa. Baba yana cin abinci, Inna da na gaya mata sirrin ta ce Allah ya yi min albarka, in ci gaba. Makonni muka yi a haka, ina jin kaina wata mai dabara.

Ana dab da fara yankan gero motar ta iso. Wani ɗan kasuwa ne ya shigo da ita ta Konni, ƙarama, fara, ba ma ta wancan kamfanin ba ce, amma a wurin Baba duk gida ɗaya ne. Ta gangaro rumfa ba ƙara ba hayaƙi, har awakin da ke kwance a bakin hanya ba su ga dalilin tashi ba. Mai ita ya ce wani gurnani yake ji in yana tafiya, an kuma ce masa duk garin kunne ɗaya ne zai gano shi. Kafin ka ce me, 'yan kabu-kabu da masu canji sun kewaye wurin, mai sola ma yana cikinsu. Ina kan kujerata da waya a hannu.

Baba ya ɗauko sukundirebarsa kamar kullum, aka buɗe masa bonet. Ya duba nan, ya duba can. Wayoyi ne masu kauri da akwatunan ƙarfe a rufe, babu inda zai ɗora bakinta. Ya ce a tayar, mai motar ya ce ai a tashe take. Wani ya yi dariya daga baya. Ban taɓa jin tausayin mahaifina irin na wannan lokaci ba, kuma na ji haushin kaina da nake tausayinsa a gaban mutane.

Daga nan ya soke sukundirebar a aljihu, ya ce wa mai motar ya ja ta a hankali. Ya bi gefenta da ƙafa, ya karkatar da kai kamar mai sauraron gulma ta bayan zana, suka tafi har wajen masu shayi suka dawo. Ya zagaya ɗaya gefen suka sake. Sai ya ɗaga hannu aka tsaya.

"Boris na," ya ce. "Ƙahwar gaba, ta hagu."

Aka ɗaga motar, ya juya tayar da hannu, kowa ya ji gurnanin boris ɗin da take juyawa a kansa. Kafin magariba ya sauya shi. Yana ɗaure notin ƙarshe yake gaya wa Alhaji mai canji cewa wannan ta fi masu inji kirki, ba ta da surutun da za ta ɓoye ciwonta a ciki, kuma ya ga tana da taya da birki da ƙafafu kamar kowace, hanyarmu kuwa ba ta bar ƙafar kowa lafiya ba. Ya juya ga mai sola ya ce masa ba sai ya jira kaka ba, rumfa ba ta tashi. In yana so ya zo ya kafa farantansa a kan rufinta, baƙin motocin nan in sun yawaita su samu wutar sha.

Daɗi ya cika ni har ina neman tashi in ruga in gaya wa Inna. Mutane suka watse. Baba ya tsuguna yana wanke hannu da sabulu da yashi, bai ko kalle ni ba.

"Karanto mani na yau, Malama. Har da wanda kike tsallakewa."

Na fara kame-kame, ya katse ni. Ya ce tun makon farko ya ji. In na iso wurin da zan tsallake, numfashina yakan ɗauke, muryata ta yi rawa kamar inji mai mataccen fulogi ɗaya. Ya tambaye ni ko na ɗauka ni kaɗai ke da waya a Illela. Ashe kullum da safe Alhaji mai canji yana karanta masa wanda na ɓoye, riba da sabuwar masana'anta da komai. Na ce to tsiren fa? Ya ce ya ga ina murna ne, bai so ya ɓata min.

Na yi dariya, amma shi bai yi ba. Ya goge hannu a tsumma ya zauna a gefena, abin da bai saba ba.

"Wagga mota ta ba ni tsoro, ba ni musu. Amma ba ta sa na ji na tsuhwa ba. Ranar da na ji ɗiyata tana tace mani magana kamar kunun marar lahiya, ran nan na san na tsuhwa."

Kunya ta rufe ni. Duk makonnin nan ina ganin rumfa nake kare masa, ashe ni ce na fara sauke shi daga kan aikinsa, tun kafin motar ta iso.

Na buɗe wayar. Labarin ranar ba irin wanda yake so ba ne. Hannun jarin kamfanin ya hau, masu sharhi sun sake sauya baki suna yabo, ana zancen ƙera wata mai araha don ƙasashe irin namu. Na karanta shi tun daga kanu har ƙasa, ban bar ko layi ɗaya ba. Ya rufe ido ya karkato kunnen dama wajena, yadda yake yi wa inji. Da na gama ya buɗe ido ya miƙa hannu ya sauke rediyo daga turke, don an fara kiran salla.

"Yanzu kin tashi daidai," ya ce. "Gobe ma haka."