Burodin Gwaggo Abu

Duk wanda ya san Gwaggo Abu, yayar babana, ya san zaren nan da take ɗaurewa a bakin zane. Da shi take auna kaya kafin ta saya, kowane ƙulli da abin da yake nufi.

Wata rana a butikin Alhaji Sani ta ɗora shi a kan sabulu, ta ga ya ragu da yatsa guda.

"Alhaji, sabulun nan ciwo ya yi ne?"

"Daga kamfani ne, Gwaggo. Mai ya yi tsada, kuɗin mota ya hau."

"To, Allah ya ba shi lafiya. In ya warke na dawo."

Wata guda cur ta yi tana wanki da ruwan toka.

Ashana ma ba ta tsira ba. Ta zazzage kwali a kan tebur, ta ƙirga, ta dubi Alhaji: "Sauran bakwai fa, sun tafi cirani Kano?"

Lokacin dariya nake da kowa, har abin ya zo kaina. Ina da gidan burodi nan Matameye. Shekarar da buhun fulawa ya tashi, sukari da itace suka bi shi, na ga in na ƙara farashi masu shayi za su guje ni. Sai na rage girman burodin ban gaya wa kowa ba. Amma kullum nakan gasa babba guda ɗaya, na Gwaggo.

Ranar kasuwa ta ji wani mai shayi a rumfarsa yana cewa burodina ya ƙanƙance. Ta zaro nata daga jaka, ta rantse ɗanta ba ya rage komai.

"Kawo naka mu gani," in ji ta.

Ya kawo, ta jera su. Rumfar ta kwashe da dariya.

Ta same ni bakin tanda, ta ajiye su biyun a gabana.

"Hamisu, wanne ne uba, wanne ne ɗa?"

Na fara kawo zancen fulawa, ta ɗaga mini hannu.

"Fulawa ce ta ce ka yi ƙarya? Da ka faɗa mini, ni zan bi tebur-tebur in gaya musu dalili. Sai ka bar ni na rantse a tsakiyar kasuwa."

Ta ɗauki ƙaramin ta tafi. Har ta rasu bara da damina, ba ta sake karɓar babban ba, kuma ba ta sake tada maganar ba. Ni ne har yau ba na iya bi ta gaban rumfar nan.

Allah ya jiƙan Gwaggo, ya haskaka makwancinta. Rantsuwar nan kuwa, kada Allah ya tambaye ta. Ni na jawo.