Waccan ta Ƙwanni

Ni ce ƴar fari a ɗakinmu, saboda haka ban taɓa jin sunana a bakin Inna ba. A Tajaye wannan ba abin ba da labari ba ne. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zama kusa da shi a gaban mutane, in an yabe shi sai ta kau da kai kamar maganar ɗan maƙwabta ake yi. Kunya ce, kowa ya san da haka. Ana yaye ni kakata ta wajen uba ta ɗauke ni ta kai ɗakinta, can ƙarshen gidan. Ita ce mai kiran sunana safe da yamma, har da ƙarin tsiya, wai na fi akuyarta ɓarna. Inna kuwa in tana nema na sai ta ce "ke", in ba na wurin ta ce "waccan". Da aka kai ni Ƙwanni gidan gwaggona don in yi lise, wato babbar sakandare, sai na samu ƙarin girma, na koma "waccan ta Ƙwanni". Duk wannan bai taɓa damuna ba sai shekarar da muke shirin bak, jarrabawar da in ka ci ta hanyar jami'a ta buɗe maka.

Malaminmu na Faransanci mutumin bakin teku ne, aiki ya kawo shi, Hausarsa ba ta wuce ta cefane ba. Mushe muke ce masa, laƙabin girmamawa na Faransanci, kamar kowane malamin lakwal, wato makarantar boko. Bai san abin da kalmar ke nufi a harshenmu ba, mu kuma ba mu ga dalilin ɓata masa rai ba. Mutum ne mai son aikinsa, ba na ɗora masa laifin komai. Bayan an tashi yakan tsare mu a aji cikin zafin nan na bazara, kwano yana ƙara a kanmu, ya raba mana ɗan labari a takarda da tambayoyi a ƙasa: me marubucin yake nufi, me ya sa kaza ya faru, wannan kalmar wa take nuni. Nahawu ma mun sha wuyarsa. A Faransanci rana namiji ce, wata kuma mace, mu kuwa bakinmu ya saba da akasin haka, kullum sai an samu wanda ya mayar da rana mace ya sha jan biro. Amma abin da Mushe ya fi nacewa a kai shi ne hujja. Duk amsar da ka bayar, komai kyanta, sai ya buga yatsa a takarda ya ce, "Nuna mini layin."

Wata rana ya kawo labarin wata mata a wata ƙasa mai sanyi da ƴarta. Matar ba ta kiran sunan yarinyar. In tana maganarta da mijinta sai ta yi amfani da wata kalma wadda in ka juya ta Hausa "waccan" ce ba ragi. Tun yarinyar tana ƙarama aka kai ta wajen kaka. Ranar da ta dawo gida da kyautar da ta ci a makaranta, uwar ta juya ta fuskanci taga. Tambayar ita ce: yaya matar nan take ji game da ƴarta, kawo hujja.

Daɗi ya kama ni. Ban taɓa samun tambaya mai sauƙi irin wannan ba. Na cika shafi fal: yarinyar ƴar fari ce, uwar tana son ta har ba ta iya kallonta, ga hujja layi kaza, ga layi kaza. Na miƙa takardata ina taƙama.

Sifiri ya ba ni. Kuma ba ni kaɗai ba. Ya shigo aji da takardun a hannu yana kallonmu kamar mun haɗa baki, don fiye da rabinmu abin da muka rubuta ke nan. Waɗanda suka ci, yawancinsu ƴaƴan sojoji ne da ma'aikatan da aka turo daga wasu wurare, sun ce matar ba ta ƙaunar yarinyar, iyakarta ke nan. Aji ya kaure da hayaniya, kowa yana ƙoƙarin fahimtar da shi yadda abin yake a wajenmu. Ya saurara da gaske, har ya ce abin sha'awa ne. Sannan ya ce mai gyaran takardunmu na bak bai san ƙauyukanmu ba, kuma babu inda labarin ya ce ƴar fari ce. Abin da ba a rubuta ba, babu shi. Yana tattara kayansa ya ƙara da wata tambaya, ba da mugunta ba, shi dai yana son ya sani ne: "To in uwa ba ta kiran sunanki, ba ta kallonki, ta ba da ke ga wani, ke da me za ki gane tana son ki?"

Aka yi dariya. Wani ya ce, "Ai sani ne kawai, Mushe." Ni ban yi dariya ba, don na buɗe baki in ba shi amsa na tarar ba ni da ita.

Daga ranar na gyara hannu. Na koyi karanta labari kamar baƙuwa, in bar gidanmu a bakin ƙofar aji, in ɗauki abin da ke kan takarda kaɗai. Makina ya hau, Mushe ya fara misali da ni. Abin da bai sani ba, wannan karatun ya bi ni har gida. Ina wanke-wanke a gidan gwaggo sai in tsinci kaina ina bin rayuwata da Inna daki-daki ina neman layin da zan nuna. Ranar da zazzaɓi ya kwantar da ni, kaka ce ta yi jinya. Ranar da na ci jarrabawar shiga lise, mata suna guɗa, Inna ta ɗauki tulu ta tafi rijiya. A da na san ma'anar wannan tafiya rijiyar ba tare da an gaya mini ba. Yanzu kuwa na kalle ta ta nan, na kalle ta ta can, na ga mace ce kawai ta tafi ɗebo ruwa. Na ji haushin Mushe, na ji haushin kaina, na fi jin haushin Inna.

Da aka ba mu ɗan hutu kafin jarrabawa na tafi Tajaye. Baba yana can bida, wato ci-rani, a ƙasashen kudu bai dawo ba. Inna na tarar ta rame, tari ya ci ƙarfinta, ko daka ba ta iya yi. Ƙanwata da ke bi na ita ke riƙe da gidan. Inna ba ta minti ba ta kira sunanta ba, a kawo ruwa, a gyara matashi, a kore kaji, wani lokacin ma ba don komai ba. Tana jingina da kafaɗarta in za ta tashi. Ni in na shigo ɗakin sai ta gyara kallabi ta kalli bango. Kishi na ji, ƙuru-ƙuru, na kishin yarinyar da ni na goya ta.

Sai na shirya dabara irin ta ƴan lakwal. Na zauna bakin ƙofarta da rana ina tsince wake, na ce, "Inna, can lakwal an ce kowa shi tambayo yadda aka hwaɗin sunanshi daidai, don kar a ɓata shi ga takarda. Nawa ƙaƙa aka hwaɗinshi?"

Sai na ji wata ƴar dariya da tari ya katse. "Ji min ɗiya da wayon banza," in ji ta. "Tahi ki tambayi tsohuwar da ta ɓata ki."

Na so in yi dariya ni ma, amma kuka ne ya taso mini, na tashi da faifan waken na bar wurin.

Da hutu ya ƙare na ce ba zan koma ba, zan zauna jinya, bak ɗin a yi shi baɗi. A gabanta na faɗa. Ba ta kalle ni ba. Sai ta kalli ƙanwata ta ce, "Hwaɗa ma waccan ta tashi ta koma Ƙwanni. Ni ban aje ta nan ba." Washegari na yi mata sallama daga bakin ƙofa, ta ce Allah shi kiyaye hanya, fuskarta na bango. A mota har Tsarnawa ina juya maganar. Kora ce ko tura ni gaba ne? Duk wata tsohuwa a Tajaye za ta ba ni amsa kafin in rufe baki, amma ni na riga na zama mai neman layi.

Ruwan farko ya sauka a satin da muka zauna jarrabawa. Labarin da aka ba mu na wasu masunta ne, na amsa shi da sanyin zuciya, hujja bayan hujja. Na lura idon gwaggo ja ne duk satin, ta ce hayaƙin murhu ne, ban bi ta kai ba. Ranar da muka gama na fito na gan ta a bakin ƙofar makaranta da babban mayafinta na zuwa unguwa, da kayana a ƙulle a hannunta. Ba ta taɓa zuwa makarantarmu ba. Nan ta gaya mini. An binne Inna tun ranar da muka fara rubutu. Inna ce da kanta ta ce kar a gaya mini sai na gama.

Na ci bak ɗin, na je jami'a a Yamai, yau ma da karatun nake ci. Amma in na tuna shekarar nan ba sakamakon nake tunawa ba.

Da muka isa gida mutane duk sun fita shuka, sai tsofaffi ke zaman makoki. Na gaisa da wanda zan gaisa da shi, sannan na ja ƙanwata bayan rumbu. Abu guda nake son sani.

"Da za ta cika, ta ambace ni?"

"Ta ambace ki."

"Da sunana?"

Ta kalli ƙasa, ta kalle ni. "Da sunanki. Sau da yawa ma. Tana ta kira."

Abin da na yi wata da watanni ina nema ke nan, ga shi an miƙo mini, sai kuma tsoro ya kama ni. In Inna ta kira sunana da ƙarfi, to ciwo ya ɗauke mata hankali ke nan, ta mutu ba ta san inda take ba.

"Hankalinta hwa? Ya gushe?"

"Wa? Inna?" Ƙanwata ta share ido da bakin zane. "Ras take har ƙarshe. Ɗakin cike da mata, duk wadda ta shigo sai ta gaishe ta ta tambayi gida. Ita tac ce a rufe mata ƙahwa kar ta hito waje."

Nan na gane. Matar da ke kula da kar ƙafarta ta fito a gaban mata tana bakin mutuwa, ba za ta kira sunan ƴar fari a cikin taro ba. Ba ta faɗa ba. Ta tafi da hankalinta da kunyarta cif, yadda ta rayu. Na ji sanyi a raina, na kuma ji wani baƙin ciki da har yau bai sake ni ba, don na san an rufe maganar ke nan har abada.

Na rungume ƙanwata na ce na gode. Har yau ta ɗauka na yarda. Duk sanda muka haɗu sai ta sake ba ni labarin, ta sassauta murya irin ta Inna tana kiran sunana a hankali, ni kuma in zauna in saurara, don ba ni da wani wurin da zan ji shi.