Oronzo Ya San Wani a Padova

Mijin yayata, Oronzo, bai taɓa sayen ko allura a hannun wanda bai sani ba. In takalminsa ya tsinke, gara ya yi ta jan ƙafa a gari har ya gano mai gyaran da ya haɗa dangi da wani abokinsa. Ni Nunzia na san shi tun ina budurwa, lokacin da yake zuwa zance wurin Yaya Assunta, gashi ya sha mai sai ƙyalli yake yi, kuma tun daga ranar ba mu taɓa zama wuri ɗaya mun tashi lafiya ba. Shi Rediyo yake kirana. Ni kuwa Minista nake ce masa, don masinja ya yi a sakatariyar garinmu, nan kudu kusa da birnin Lecce, har ya yi ritaya, amma in ka ji shi yana ba da labari a dandali sai ka rantse magajin gari ba ya ko atishawa sai ya tambaye shi.

Aikin ma ta hannun ubangidansa na baftisma ya same shi, kuma daga nan ya haddace karatunsa na duniya: ba a bin layi, ba a tambayar farashi, mutum ake nema. Likitan haƙorinsa ƙanin matar wanzaminsa ne. Ya cire masa haƙori mai lafiya ya bar mai ciwon, amma har yau Oronzo bai faɗi aibinsa ba, wai ai mutumin da gahawa ya tarbe shi. Firijin gidansu daga shagon wani ɗan ajinsu ya fito, ƙuginsa kamar injin markaɗe, in ana hira a kicin sai an ɗaga murya. Kai, har wurin kabarinsa ya riga ya kama ta hannun wani, gefen da rana ke haskawa da safe, sai ka ce shanya zai je yi.

Abu ɗaya ne ya fito daga gidan nan ba da sanin kowa ba, shi ne 'yarsu Mariangela. Yarinyar da kanta ta zauna jarrabawa, ta ci, ta samu tallafin karatu, ta tafi Padova can arewacin ƙasa karatun likita. Abin ya ɗan sosa wa Oronzo rai, a ce an ɗauki 'yarsa ba tare da ya buga wa kowa waya ba. Amma maganar gaskiya, son da yake yi wa yarinyar nan ba na wasa ba ne. Duk wata sai ya ɗaure kwali da igiya, man zaitun da cuku da tumatirin kwalba, ya kai wa direban bas mai zuwa arewa. Direban ma, ba sai na faɗa ba, ɗan ƙanwar maƙwabcinsa ne. Babu wanda ya taɓa gama jami'a a danginsu, kuma tun tana shekarar farko ya sa aka ɗinka masa kwat ɗin da zai sa ranar da za a ɗora mata kambin ganye na kammala karatu.

Da ranar ta matso, Mariangela ta kira ina gidan, Yaya ta sa wayar a tsakiyar tebur.

"Baba, abu ɗaya nake roƙonka," in ji ta. "Akwai wani ƙaramin otal a bayan jami'a, mai araha, mai tsabta, da ƙafa za ku tako. Iyayen ƙawayena duk nan suke sauka. Ka bari in kama muku ɗaki tun yanzu, don lokacin bikin nan ɗakuna ƙarewa suke yi."

"Wa kika sani a can?"

"Ban san kowa ba, Baba. Otal ne. Biya ake yi a kwana."

"Ji min yarinya! In ɗauki uwarki in kai ta ta kwana wurin baƙin fuska? Ke dai ki ji da karatunki, maganar masauki ki bar wa manya."

"Baba, da hantsi za a kira ni gaban farfesoshi, kuma sau ɗaya ake kira. Don Allah."

"Na ce ki bar min."

Daga ranar ya tare a shagon gahawa na dandali yana bincike, har ya tono wani Don Pantaleo, ɗan garinmu da ya yi arewa tun muna yara, ƙanin wani da suka yi aikin soja tare da Oronzo. Wai yana da masauki a Padova. Ina zaune ya kira shi, su biyun suna ihu kamar babu wayar a tsakaninsu. Har daga inda nake ina jin Don Pantaleo yana cewa, "Gidanka ne, ɗan'uwa! Maganar kuɗi kuwa kada in sake ji, sai dai in so kake mu ɓata!"

Da ya ajiye na ce, "To Minista, ka ce ya turo mana adireshi mana, mu ga nisansa da jami'ar. Ya kuma rubuto cewa ɗaki biyu ne."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Ke Rediyo, ɗan garinku za ki tambaya shaida a rubuce? So kike a ce Oronzo ya koma ɗan arewa? Mutum ya ce Padova, Padova ce."

Haka muka hau jirgin ƙasa mu uku, da kaya kamar masu ƙaura, don ba a zuwa gidan mutum hannu rabbana. Don Pantaleo ya tarbe mu a tasha, gajere mai tumbi, ya sumbaci kowa kumatu biyu har da hawayensa, ya loda mu a wata tsohuwar motar ɗaukar kaya mai warin sabulun wanki. Muka yi ta tafiya. Gidaje suka ƙare, aka shiga gonakin masara, aka wuce rumbunan ajiya na kamfanoni, muna dai tafiya.

Na ce, "Don Pantaleo, nan ma Padova ce?"

"Lardin Padova, uwargida. Duk ɗaya ne. Cikin gari hayaniya ce kawai da ɓarayi."

Oronzo ya waigo ya harare ni, wai kada in ba shi kunya.

Masaukin yana bakin babbar hanya, jikin gidan mai, inda direbobin manyan motoci ke yada zango. Katifarmu ta lotsa a tsakiya, duk yadda ka kwanta sai ka gangara. Banɗaki ɗaya ne a ƙarshen baranda, ruwan zafinsa kuma sai in babu wanda ya buɗe famfo a kicin. Wallahi da biya muka yi kamar kowa, da na sauka ƙasa na ɗaga musu hankali har sai sun canja mana ɗaki. To amma da wane baki? Mutumin ya sumbace mu, ya yanka mana zomo, ya kira mu jininsa. Sai godiya muke ta zubawa.

Ranar bikin tun da sassafe Yaya ta shirya, ta zauna bakin gado da jakarta a cinya. Ni kuwa na riga na tambayi matar da ke share baranda, ta ce akwai bas da ke tsayawa a tsallaken titi, yana shiga har tsakiyar gari. Da muka sauko na ce wa Oronzo ko dai bas ɗin, ko a kira tasi. Ashe Don Pantaleo yana bayana. Ya dafe ƙirji kamar na soka masa wuƙa.

"Tasi? A ƙofar gidana? Baƙina? Me na yi muku, ɗan'uwa? Ni zan kai ku da hannuna, har bakin ƙofar zauren!"

"Rabu da ita," in ji Oronzo. "Haka bakinta yake tun tana yarinya."

Sai aka kawo gahawa. Bayan gahawa aka ce a ɗan jira mai kawo burodi, don babu wanda zai karɓa. Mai burodi ya zo ya tafi, sai ga shi motar ma ba ta nan, surukin Don Pantaleo ya je ɗauko zannuwan gado daga wurin wanki, yanzun nan zai dawo. Don Pantaleo ya ɗauko hotunan garinmu na da, ya baje a tebur, yana tambayar wane ya mutu, wane yana nan. Ina kallon Oronzo. Gumi ya jiƙa wuyan sabuwar rigarsa, yana satar kallon agogo ta ƙarƙashin tebur, amma da mai gida ya ɗago sai ya washe baki ya ce, "Allah sarki, ai wannan tun bara aka binne shi."

Yaya Assunta mace ce da ban taɓa jin ta musa wa mijinta a gaban mutane ba. Ranar sai ta miƙe ta rataya jaka.

"Oronzo, ni na haifi yarinyar nan. Tashi mu tafi."

Ya ja ta gefe, murya ƙasa-ƙasa, amma na ji. "Assunta, in na fita na hau bas a gaban mutumin nan, kafin mu koma gida labari ya riga mu. Da wane ido zan kalli yayansa? Ku je ku riƙe min kujera a gaba. Ina bayanku."

Na ce, "Minista, 'yarka ce fa."

"Na sani! Ke za ki faɗa min?"

Ta ƙofar kicin muka sulale kamar ɓarayin kaji, muka tsallaka titi da takalman biki, bas ya zo muka hau.

Mun samu kujeru a layin gaba, Yaya ta ɗora jakarta a kan ta Oronzo. Aka kira Mariangela, ta tsaya gaban farfesoshi ta yi bayani a kan ciwon ƙoda na yara. Ban gane ko kalma ɗaya ba, amma tsigar jikina sai tashi take yi. Babbansu ya miƙe, kowa ya miƙe, ya kira ta likita. A tsakar gidan jami'a ƙawayenta suka ɗora mata kambin ganye, suka dinga waƙa da tsalle. Yaya ta yi kuka har hodar fuskarta ta zama taɓo.

Ana cikin ɗaukar hotuna sai ga Oronzo a guje, kwat a jiƙe, furanni a hannu sun langaɓe, Don Pantaleo na biye da shi yana haki. Daga baya muka ji yadda aka yi. Mota ta dawo, Don Pantaleo ya ce ya san wata gajeriyar hanya, suka tarar ana gyaranta. Ya ce ya san wani mai gareji a tsakiyar gari inda aka hana motoci shiga, suka kutsa, 'yan sanda suka tare su, mai garejin kuma ashe ya daɗe da sayar da wurin.

Oronzo ya tsaya yana kallon kambin a kan 'yarsa, bakinsa a buɗe. Na ɗauka zai yi shiru ko sau ɗaya a rayuwarsa. Ina!

"Wane ne babbansu a nan?" in ji shi. "Pantaleo ya ce ya san wani mai gadi. A yi masa magana ya shiga ya roƙe su, su ɗan maimaita, ko ƙarshen ne kawai."

Mariangela ba ta ɗaga murya ba. Ta karɓi furannin, ta gyara masa wuyan riga.

"Baba, duk shekarun nan ina garin nan. Ka san mutum a Padova, ni ce. Kuma na faɗa maka inda za ka sauka."

Ta sumbace shi a kumatu, ta juya wurin ƙawayenta. A wurin cin abincin biki Don Pantaleo ya fi kowa ci, shi ya fara miƙewa da kofin ruwan inabi ya yi jawabi a kan zumunci. Washegari da za mu tafi, Oronzo ya sauke masa garwar man zaitun da cukun da aka kawo don Mariangela, ya rungume shi, ya ce ba zai taɓa manta wannan alheri ba. Ni dai na cije leɓe har ya kusa fashewa.

A jirgin komawa na tanadi maganganu iri-iri, na jera su a raina, ina jiran Oronzo ya buɗe baki in fara. Bai buɗe ba. Muka wuce Bologna, muka kama bakin teku, rana ta take, Yaya ta yi barci da kai jikin taga. Sai na ga ya taso daga kujerarsa ya zauna kusa da ni, abin da bai taɓa yi ba.

"Nunzia," ya ce. Sunana fa, ba Rediyo ba. "Da babban nasu ya miƙe, me ya ce? Faɗa min daga farko. Kada ki tsallake komai."

Tausayinsa ya kama ni, kuma na ji haushin kaina da ya kama ni. Na faɗa masa yadda ta shigo, da inda ta tsaya, da yadda muryarta ta ɗan yi rawa da farko sannan ta daidaita, da yadda wani farfesa mai farin gemu ya yi ta gyaɗa kai. Yana saurare, hannuwansa a kan gwiwa kamar ɗan makaranta. Da na gama sai ya tambaye ni.

"Ta neme ni?"

Da zan iya ƙarya da na yi masa, amma ban iya ba.

"Har aka kira sunanta tana waigen ƙofa," na ce. "Da ta fara magana ne ta daina."

Ya gyaɗa kai, ya tashi ya koma kujerarsa. Har muka isa Lecce fuskarsa tana wajen taga.