Smaranda da Kwalaben Tumatirinta

Ƙarfe shida na safe, ko ƙanƙara ake zubawa, Smaranda Oprea ta riga ta shiga rumfar masu madara a kasuwar garinmu da ke gindin duwatsun Romaniya. Ta leƙa bokiti, ta shinshina cuku, ta duba faratan masu sayarwa. Shekara ashirin da tara tana duba tsaftar kasuwar nan, ba mai cewa ta taɓa ɗanɗana masa ko ɓallin cuku kyauta. Juma'ar nan za ta ajiye aiki.

A faɗi gaskiya, ba kowa ke murnar ganinta ba. Fara'arta sai an tona.

Shekara uku da suka wuce hukumar gari ta hana sayar da madara a tsofaffin gorunan roba na lemo, sai dai a kwalba. Duk wanda aka kama sau biyu, ya rasa teburinsa. Wadda ta fara faɗawa hannu ita ce Inna Paraschiva, tsohuwa mai shanu biyu, wadda teburin nan ne kaɗai abincinta.

"Ke 'yar nan," in ji tsohuwar, "a robar nan kika sayi madarar da kika yaye 'ya'yanki. Wanne ne ya mutu?"

"Ba ko ɗaya, Inna. Amma doka ce. Ranar Asabar zan dawo."

"Kwalaben fa? Shanuna ne za su haifa min?"

Smaranda ta rubuta takardar gargaɗi ta miƙa mata, ko sassauci babu.

Watan Satumba ne, lokacin da kowane gida ke dafa tumatirin hunturu yana ɗurawa a kwalba. A wannan wata mace ta gwammace ta ba ki aron mijinta da ta ba ki aron kwalba. Smaranda ta zaga unguwa kaf tana nema wa tsohuwar kwalba, huɗu ta samo. Sai ta sauka ɗakin ajiyarta ta kwaso guda sittin da ta wanke wa nata tumatirin, ta loda a baro don kai wa tsohuwar. Maƙwabta sun ji mijinta Octavian yana sababi: "To mu me za mu zuba a miya har sanyi ya wuce? Dokar?"

"Ka ci kabeji, ba ka mutuwa."

Ranar Asabar ta zo teburin Inna Paraschiva, ta ɗaga kwalaben ɗaya bayan ɗaya, ta ware biyu, wai bakinsu ya ɓantare.

"Naki ne fa, marar kunya!"

"Jiya ne nawa, Inna. Yau naki ne."

Teburin yana nan har yau, tsohuwar na bayansa tana zaginta da daɗin rai.

Smaranda, ke ce ba ki lanƙwasa doka don tausayi ba, ba ki kuma bari ta murƙushe tsohuwa ba. Hunturu guda gidanki ya sha farar miya a kan haka, ba ki gaya wa kowa ba. Mun gode, kuma za mu yi kewarki ƙwarai. Ku kuma masu zuwa bayanta, takardar gargaɗi kowa ya iya rubutawa. In kun rubuta, ku je ku nemo baro.